Leburan da Bai San Shi Tauraro Ba Ne: Labarin Sixto Rodriguez

Yau zan ba ku labarin wani mawaƙi da ya yi shekara sama da ashirin yana leburanci, alhali a wata ƙasa ana haddace waƙoƙinsa.

Sunansa Sixto Rodriguez. An haife shi a 1942 a birnin Detroit na Amurka, iyayensa talakawa ne 'yan asalin Meziko. Shi yake rubuta waƙarsa, shi yake kaɗa jitarsa. Abin da yake gani a unguwa shi yake rerawa: talauci, 'yan ƙwaya, da zaluncin masu mulki. A 1970 kamfanin Sussex ya fitar masa da faifai mai suna Cold Fact, a 1971 kuma Coming from Reality. Duka biyun ba su yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame shi. Bawan Allah ya koma aikin gini da rushe tsofaffin gidaje. A haka ma ya yi digiri a fannin falsafa a jami'ar Wayne State a 1981.

To, ga inda abin mamakin yake. Faifan nan ya isa Afirka ta Kudu lokacin mulkin wariyar launin fata. Matasan Turawan ƙasar da suka gaji da takurar gwamnati suka rungume shi, suna kwafa a kaset suna ba juna. Gidan rediyon gwamnati har kankare waƙarsa Sugar Man ya yi daga jikin faifan don kada a saka ta, saboda tana maganar ƙwaya. Amma ba wanda ya san inda mawaƙin yake. Sai jita-jita ta bazu cewa ya kashe kansa a kan dandamali.

Wasu masoyansa biyu, Stephen Segerman da Craig Bartholomew Strydom, suka shiga binciken yadda ya mutu. A 1997 'yarsa ta ci karo da cigiyar a intanet, ta ce musu ai mahaifinta yana nan da ransa. A watan Maris 1998 ya hau dandamali a Cape Town, dubban mutane suna rera baitocinsa tare da shi.

Don kada in ƙara gishiri: an san shi a Ostareliya ma, ya je wasa can a 1979 da 1981. Amma na Afirka ta Kudu, sam bai sani ba. Fim ɗin Searching for Sugar Man, wanda ya ci kyautar Oscar a 2013, shi ya sa Amurkawa suka waiwaye shi. Ya rasu a watan Agusta 2023 yana da shekara 81.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kuɗin. Shekara da shekaru ana sayar da faifansa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka kai mai waƙa, ke mai rubutu, kafin ku sa hannu a takarda ku tambaya: wa ya mallaki aikin nan, kuma wa zai karɓi kuɗinsa bayan shekara ashirin?

Ku faɗa min ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.