Daga Samaru Zuwa Kwanon Awo: Sabon Irin Wake da Raunin Sa Ido a Karkarar Jigawa

Gabatarwa

A watan Janairu na 2019 Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin kula da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ta amince a noma wani sabon irin wake a Nijeriya. A Disamban shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a Yunin 2021. Tun daga lokacin mahawara ta rabu gida biyu: masu cewa tsira ta zo wa manomi, da masu cewa guba aka shigo da ita. Wannan maƙala tana ganin duka ɓangarorin sun tsallake wata tambaya da ta fi shafar manomin Kanya Babba a ƙaramar hukumar Babura: bayan iri ya bar hannun masana, wa ke bin sawunsa?

Abin da irin ya zo da shi

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da irin ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostireliya. An dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis (Bt), wadda ke sa shukar ta kashe tsutsar Maruca mai cin fure da huda kwanso. Masu binciken sun ce tsutsar kan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfani idan ta yi tsanani, kuma sabon irin yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina.

Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Duk wanda ya ga matashi yana feshi ba takunkumi ba safar hannu, iska tana maido masa da maganin a fuska, ya san rage feshi ceton lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana cewa kayan abincin da aka sauya wa ƙwayoyin gado da ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin lafiya, sai dai ta ce kowane iri a auna shi shi kaɗai. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce kowane sabon iri guba ne. Amma hukuncin nan ya rataya ne a kan sharaɗin cewa akwai mai aunawa, kuma zai ci gaba da aunawa bayan an saki irin. A nan gizo ke saƙar.

Inda doka ta tsaya

Raunin sa ido yana bayyana a wurare huɗu. Na farko, batun lakabi. Ƙa'idar da ke neman a rubuta wa mai saye cewa an sauya wa abinci ƙwayoyin gado an tsara ta ne domin kayan gwangwani da na kwali. Wake kuwa a kwano ake auna shi. Daga gonakin Babura, Roni da Gwiwa dillalai ke tattara shi su cakuɗa a buhu guda, ya nufi Dawanau a Kano ko Maigatari a bakin iyaka. Mai ƙosai da mai alale da mai ɗanwake ba su da inda za su liƙa takarda. Haƙƙin mai saye na ya san abin da yake ci yana nan a rubuce a Abuja, amma ba shi da hanyar isa kasuwar ƙauye.

Na biyu, yadda iri ke yawo. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka manomi na iya ajiye iri daga girbinsa, ya ba maƙwabci, ya sayar da saura. Babura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ke bin Nijeriya a yawan noman wake a duniya, kuma hatsi na ƙetarawa ta kowace fuska. Yarjejeniyar Cartagena, wadda ta fara aiki a 2003, ta tanadi cewa a sanar da ƙasa kafin a shigar mata da irin wannan iri domin shuka. Buhun da aka ɗaure a bayan babur ba ya bi ta wannan tanadi.

Na uku, juriyar ƙwari. Tsutsar da ke cin guba iri ɗaya shekara da shekaru takan saba da ita. Haka ta faru da tsutsar auduga a Indiya. Gano farkon wannan sauyi yana buƙatar malaman gona da ke zagaya gonaki suna kai rahoto, su kuwa sun yi ƙaranci matuƙa a karkara. Haka nan ba kowane manomi aka fahimtar cewa irin ba ya maganin ƙwaron da ke cin wake a rumbu ba.

Na huɗu, 'yancin mai sa ido. Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey ta daɗe tana ƙorafin cewa hukumar NABDA, wadda aikinta yaɗa wannan fasaha, tana da kujera a majalisar gudanarwar NBMA. Ko da kowane hukunci ya kasance daidai, wannan tsari yana rage amincewar jama'a.

Darussa biyu

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wato sinadarin da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake don kashe ƙwaro. Wannan wake na gargajiya ne, kuma mun daɗe muna cin sa kafin baƙi su auna su faɗa mana. Tsarin da ya kasa hana wannan shi ne ake son ya kula da fasahar da ta fi shi sarƙaƙiya.

Burkina Faso kuma ta fara noman audugar Bt a 2008, ta dakatar a 2016, domin zaren ya gajarce, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya. Ba a kan lafiyar mutane matsalar ta taso ba. Illar ta ɓullo ta inda ba a sa ido ba. A wajenmu wurin da ya kamata a duba shi ne tsofaffin iri kamar Kanannado da Ɗan Ila, waɗanda ake shukawa a tsakanin gero, su ba da ƙwaya, su kuma ba da harawar da ke riƙe tumaki da awaki har ƙarshen rani. Idan aka auna sabon iri da yawan buhu kaɗai, za a iya rasa waɗannan ba tare da an lura ba.

Kammalawa

A Janairun 2024 an saki masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin gado, a watan Mayu kuma Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin waɗannan sababbin iri har a yi bincike. Dakatarwa kaɗai ba za ta gyara raunin da ke ƙasa ba, kuma za ta bar manomi da feshinsa. Abin da ake buƙata shi ne a sauko da sa ido zuwa inda ake noma. A tilasta rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, a kan kowane ƙunshin iri, tun da a nan ne lakabi zai yi aiki. A ƙarfafa hukumar raya aikin gona ta Jigawa, JARDA, da ma'aikata da ababen hawa domin bibiyar gonaki kowace damina, a kuma wallafa sakamakon. A ba jami'o'in Dutse da Kano kuɗin yin gwaji mai zaman kansa. A kafa rumbunan adana iri na gargajiya a hannun ƙungiyoyin manoma. A raba mai yaɗa fasaha da mai yanke mata hukunci, sannan a zauna da hukumomin Nijar kan irin da ke ƙetare iyaka. Manomin Kanya Babba yana da haƙƙin ya karɓi sabon iri ko ya ƙi shi bisa sani, kuma wajibin hukuma ne ta kai masa wannan sanin har gona.