Kwarin Tuckerman: inda ake zamiya a kan dusar ƙanƙara bayan hunturu

Kwarin Tuckerman wani wawakeken rami ne mai siffar ƙwarya a jikin Dutsen Washington, a jihar New Hampshire ta Amurka. Tsayin dutsen mita 1,917, kuma babu wanda ya kai shi a arewa maso gabashin ƙasar. Kwarin ya ci sunan Edward Tuckerman, masanin tsirrai da ya yi bincike a yankin a ƙarni na 19, amma abin da ya fito da shi a idon duniya shi ne wasan zamiya: mutum ya ɗaura sirara-siraran alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga gangara a kan dusar ƙanƙara.

A nan babu injin da ke kai mutum sama kamar a wuraren shaƙatawa. Daga Pinkham Notch ake tasowa a ƙasa, kaya a baya, a yi tafiyar kusan kilomita 4 zuwa bukkokin Hermit Lake, sannan a ƙarasa gindin kwarin. Daga nan ne ake hawa ta cikin tsaguna, wato ƙuntatattun kwararo tsakanin bangayen dutse, irin su Left Gully da Right Gully. Gangararsu kan kama daga digiri 40 zuwa sama da 50, tsayuwar da mai hawa kan taɓa dusar da hannunsa ba tare da ya sunkuya ba.

Iska ce ke cika kwarin. A ranar 12 ga Afrilu, 1934, an auna gudunta a ƙolin dutsen ya kai kilomita 372 a awa. Duk tsawon hunturu tana kwasar dusa daga saman tudu tana jibgewa a ramin, har zurfinta ya haura mita 15 a wasu wurare. Shi ya sa jama'a ke tururuwa a Afrilu da Mayu, lokacin da sauran wurare suka narke.

Sai dai lokacin yana da nasa sharaɗi. Da rana saman dusar yakan narke, da dare ya daskare, kuma wannan juyi ne ke sa ta kama jikinta. Wanda ya yi sammako fiye da kima zai tarar da ƙanƙara mai tauri kamar siminti, inda tuntuɓe ɗaya kan ja mutum har ƙasa ba abin riƙewa. Wanda ya makara kuwa, zai iske ta yi ruɓus, ruwa yana gudana a ƙarƙashinta yana buɗe ramuka, manyan curin ƙanƙara suna ɓallowa daga bango. Abin mamaki, duwatsun da 'yan kallo suka fi so su zauna su ci guzuri, waɗanda ake kira Lunch Rocks, a kan hanyar waɗannan curi suke.

A 1931 John Carleton da Charley Proctor suka fara sauko wa babban bangon kwarin. A gasar 1939 wani matashi ɗan Ostiriya, Toni Matt, ya taho daga ƙolin dutsen har ƙasa cikin minti 6 da daƙiƙa 29.

Masu hankali ba sa zuwa su kaɗai. Abokai kan sauka ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tsaye a gefe suna kallo, domin idan dusa ta zaftare kada ta haɗa da kowa. Kowannensu na ɗauke da shebur, da doguwar sandar lalube, da na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yakan rayu; bayan haka numfashi kan ƙare kafin masu ceto su iso daga nesa. Hukumar gandun daji ta Amurka na da cibiya a dutsen da ke fitar da hasashen zaftarewa kowace safiya a lokacin dusa, kuma shi ake dubawa kafin a ɗaura takalmi.