Kwana 14: Zango da Takardun Gwamnati



A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dakta Kofi Abrefa Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin kwana 14. Dattawan Nima da Mamobi da Sabon Zango ba su manta da waɗannan makonni biyu ba. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, manyan motoci suka yi ta kwasar jama'a zuwa kan iyaka, har fiye da mutum 100,000 suka fice daga ƙasar. A cikinsu akwai waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, ba su taɓa ganin Kano ko Ilori ba. Unguwa ta san su, liman ya san ranar da aka raɗa musu suna, amma a gaban jami'in gwamnati shaidar baki ba ta yi musu rana ba. Takarda aka tambaya.

Abin takaici shi ne, labarin zamanmu a birnin Ankara a rubuce yake tun da daɗewa. Lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin John Glover ya ɗebi sojojin da ake kira Hausawa, kuma rundunar da Turawa suka kafa bayan haka ta daɗe tana ɗauke da wannan suna. A 1877 aka dawo da hedkwatar mulki daga Cape Coast zuwa Ankara, fatake da malamai suka ƙaru a garin. Malam Idirisu Naino, mutumin Katsina, ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari a ƙarshen ƙarni na 19. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Malam Amadu Futa kuwa, mai fataucin shanu, ya sami filin Nima daga hannun gidan Odoi Kwao na mutanen Ga a farkon shekarun 1930. Ɗaukar soja, rabon fili, naɗin sarauta da rigimar da kan biyo bayansa, duk abubuwa ne da akawun Turawa ba ya bari su wuce ba tare da ya zuba musu tawada ba.

To, ina waɗannan takardu suke a yau? Da yawansu suna nan Adabraka, a kan titin Castle Road, tafiyar da ba ta da nisa daga Nima. An fara tattara takardun gwamnati wuri ɗaya a 1946, aka yi musu doka a 1955, kuma J. M. Akita shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci gidan ajiyar. A 1997 sabuwar doka ta mayar da shi hukumar da ake kira PRAAD, mai rassa a Kumasi da Tamale da Cape Coast da wasu garuruwa. A rukunin da aka yi wa lamba ADM 11 ne ake samun fayil-fayil na Sakataren Harkokin 'Yan Ƙasa, ciki har da koke-koken shugabannin Musulmin Ankara kan wanda ya cancanci jagorancin jama'a. Masana daga Amurka da Ingila sun zauna sun karanta su, sun wallafa littattafai, kamar yadda Deborah Pellow ta yi a kan Sabon Zango. Mu jikokin masu koken, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa taka ƙofar gidan?

Sai dai takarda ba ta da ƙarfin dutse. Gara na cinta, danshi na narkar da ita, wuta kuwa ba ta barin ko toka mai amfani. A watan Oktoba na 2009 gobara ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a nan Ankara, takardu masu ɗimbin yawa suka tafi. Ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ta nuna mana abin da ruwa kan yi wa Adabraka da kewayenta cikin dare ɗaya. Abin da kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, kullum a bakin halaka yake.

Maganin wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami. Alhaji Usman Boyo ya zaga gidajen malamai yana aro littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Ta haka aka tsirar da ayyuka da dama na Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga kuma ya rasu a 1934. A wannan zamani kuma, Ɗakin Karatu na Birtaniya ya tallafa an ɗauki hoton tsofaffin takardun reshen PRAAD na Tamale, an ɗora su a intanet, kowa na iya dubawa kyauta daga wayarsa. Abin da ya yiwu a Tamale ba zai gagara a Adabraka ba.

Doka ma tana bayanmu. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin samun bayani, kuma a 2019 majalisa ta zartar da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, mai lamba 989. Duk wanda ya rubuta wa wata hukuma yana neman bayani, wajibi ne jami'inta ya yanke hukunci a kan buƙatar cikin kwana 14. A 1969 gwamnati ce ta ɗibar wa iyayenmu kwana 14 su kawo takarda. Yau mu ne doka ta ba damar ɗibar wa gwamnati wannan wa'adi.

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Tsarin mulki ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan iyaye da kakanni, kuma matasan Zango da yawa sun san irin tambayoyin da sunan Musa ko Hawwa kan jawo a wurin neman fasfo ko katin ɗan ƙasa. Rajistar haihuwa, takardar sallamar soja ta kaka, rasit ɗin kuɗin fili, kowanne na iya raba gardama. Gani ya kori ji.

Amma a karanta takardun Turawa da lura. Akawunsu kan kira kowane Musulmi ɗan arewa Bahaushe, ko da Bayarabe ne ko Bazabarme ko Bamoshe, kuma ya rubuta abin da ya dami gwamna ne, ya bar abin da ya dami unguwa. Shi ya sa wasiƙun ajami da ke cikin adakar kakanninmu suke da daraja: su ne bakinmu a cikin shari'ar.

Saboda haka, kowane gida ya buɗe adakarsa, a ɗauki hoton abin da ke ciki, a ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya. Ɗalibanmu na Legon su riƙa leƙa Adabraka. Sarakunan Zango da 'yan majalisarmu kuma su nemi a ware kuɗi, ko daga Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, domin a ɗora fayil-fayil na unguwanninmu a intanet. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.