Daga Bariki Zuwa Zango: Tsohon Soja a Lome

Idan ana maganar 'yan mazan jiya, hankali yakan tafi ga raunin jiki da kuɗin fansho. A ganina babbar asarar wanda ya daɗe a soja ita ce shekarun da tsararrakinsa suka yi suna tara jama'a, shi kuwa yana fareti. Zangon Lome wuri ne da wannan asara ke fitowa fili, domin unguwa ce da aka gina kan fatauci, fatauci kuwa jarinsa yarda.

Alaƙar zango da bariki tsohuwa ce. Da Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sandan Togo a 1885, Hausawa suka fara ɗauka, kamar yadda Baturen Ingila Glover ya yi a Legas a 1863. Sai dai ba duk wanda aka rubuta "Bahaushe" a takardun Turawa ne aka haifa a Kano ko Katsina ba. Da yawa 'yan ƙabilun arewacin Togo da Gwalkwas ne da suka koyi Hausar bariki, wasu suka musulunta. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, sunansa kaɗai ya nuna wannan gauraya, domin Grunshi sunan ƙabila ne. Irin wannan mutum in an sallame shi, ƙauyensu ya riga ya yi masa nisa a harshe da addini. Zango ne ke da masauki, da masallaci, da harshen da ya saba ji.

Amma masauki daban, matsayi daban. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya wallafa littafi kan 'yan kasuwar Zangon Lome a 1983, inda ya nuna cewa harkar tana tafiya ne kan dangantakar maigida da yaransa. Maigida shi ke saukar da baƙon da ya kawo shanu, shi ke tsaya masa a kan bashi. Yaro kuwa yakan fara da aike, ya koyi dillanci, a gwada amanarsa shekara da shekaru, maigida ya yi masa aure, kafin ya tsaya da ƙafarsa. A zamanin da Faransa ke mulkin Togo, sojanta sai ya cika shekara 15 kafin ya cancanci fansho. Lokacin da zai dawo, sa'o'insa sun yi nisa a wannan tsani. Ya girmi zama yaron wani, bai kuma tara mutanen da za su sa a kira shi maigida ba. Saje ne shi a bariki, ana ƙame masa. A kasuwar shanu ba a tambayar igiya, ana tambayar wa ya san ka. Shi ya sa a ƙasashen da Faransa ta mallaka tsofaffin sojoji suka fi samun gurbi a gadi, da aikin masinja, da tafinta, da dogarawan kumandan. Duk ayyuka ne da ke neman da'a da tsayuwa a ƙofa, ba sa gina arziki.

Fanshon da zai iya zama jari ma an daƙile shi. A Disamban 1959 Faransa ta yi dokar da ta tsayar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci a inda yake, na Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Sai a 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba Amadou Diop, tsohon soja ɗan Senegal, gaskiya, kuma ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai 2011. Wannan zalunci ne, kuma yawancin waɗanda aka yi wa sun rasu kafin a gyara.

Lome ta ga abin da ke faruwa idan mutum bai iya komai ba sai soja, aka kuma rufe masa ƙofar bariki. Sojojin da Faransa ta sallama bayan yaƙin Aljeriya sun nemi Shugaba Sylvanus Olympio ya ɗauke su cikin ƙaramar rundunar Togo, ya ƙi saboda tsadar riƙe su. Ranar 13 ga Janairun 1963 aka kashe shi a ƙofar ofishin jakadancin Amurka. Akasarin sojojin 'yan arewacin Togo ne, musamman Kabiye, ba mutanen zango ba, kuma rashin aiki ba ya halatta jini. Ɗaya daga cikinsu, Eyadema, wanda ya shiga sojan Faransa a 1953, ya karɓi mulki a 1967, ya riƙe har rasuwarsa a 2005.

A zamaninsa ne, a 1977, aka tashi tsohon zango daga tsakiyar birni aka mai da mutanensa wajen Agoe, arewa da gari. Attajirin da ke da yara da abokan ciniki ya ƙaura da jama'arsa. Dattijon da abincinsa ke ga gadin kanti ko ƙofar ofis a cikin gari, tafiyar kilomita fiye da goma ta shiga tsakaninsa da wurin aikinsa.