Gangar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Matafiyin da ya bar Bunkure ya nufi Rano, ya zarce Kibiya, yakan ɗora alhakin rugugin da ke cika masa kunne a kan inji. Sau da yawa zargin bai dace ba. Da zarar mota ta miƙe da gudu a kan kwalta, yawancin abin da yake ji daga taya yake tasowa.

Abin mamaki shi ne, rage ƙara na cikin dalilan ƙirƙiro tayar iska tun farko. A 1845 Robert William Thomson, ɗan Sikotlan, ya yi mata rajista domin ta sassauta girgizar keken doki da kwaramniyarsa, amma ba ta samu kasuwa ba sai da John Boyd Dunlop, likitan dabbobi, ya sake gano ta a Belfast a 1888. Sai dai iskar da ta kashe kwaramniya ta zo da nata sautin. Taya ganga ce rufaffiya: tsakuwar titi tana bugun fatarta, iskar ciki tana amsawa wajen sau 200 zuwa 250 a sakan guda, girgizar ta bi ta wili da sifirin da shokazoba ta shiga bodi, ƙarfen kasan mota da rufinta su mayar da ita sauti.

A 1946 Michelin ya fito da tayar radiyal mai ɗamarar waya. Ta fi ƙarko, amma ta fi isar da dukan titi, har masu ƙera motoci suka ƙara robobin bushin a mahaɗar ƙafafu. Waɗannan robobi ne gargada da ramuka ke fara cinyewa.

Namu babin ya fi ɗaci. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tayoyin gwanjo suka ƙara samun wuri. Robar da ta tsufa takan sandare. Mai faci kuma ya ɗura mata iska fiye da ƙima saboda lodin buhuna ranar kasuwa, gangar ta ƙara ɗamewa. A ganina direban da ke ƙure rediyo don ya danne wannan gurnani yana toshe kunne ne ga gargaɗi, domin tayar da ta ci gefe guda ko ta yi ƙulu takan canja murya kafin ta fashe. Shekarunta ma a rubuce suke a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe, biyu mako, biyu shekara. 2316 na nufin mako na 23 a 2016.