Daga fam da sule zuwa naira 70,000: wa dokar ƙwadago ta rufe wa asiri?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Maiduguri ya wuce wani babi na tarihin ma'aikata. A 1964 layin dogo ya iso garin nan ta Bauchi da Gombe. A watan Yunin shekarar ne kuma ma'aikatan Najeriya suka tsunduma yajin aikin gama-gari saboda gwamnati ta yi jan ƙafa kan rahoton kwamitin Morgan game da albashi.

Ba shi ne na farko ba. Turawa sun halatta ƙungiyoyin ƙwadago a 1938. A 1945 Michael Imoudu, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ja gaba aka yi yajin fiye da kwana 40 kan tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Enugu. An kafa NLC a 1978, sai a 1981, bayan yajin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, gwamnatin Shagari ta sa naira 125 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Daga nan ya hau 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Babu wanda aka miƙa a faranti.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku duba ƙananan makarantun kuɗi, shagunan magani, yaran shago a Monday Market. Nan ne fa da yawanmu za mu fara neman abinci bayan hidimar ƙasa.

Duk da haka ba a bar mu hannu rabbana ba. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Mai ciki tana da hutun mako 12. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma akwai kotun ma'aikata ta musamman.

Don Allah, kafin ka ce “na gode, ranka ya daɗe”, ka nemi takarda. Ranar da aka ce maka kada ka dawo gobe, ita za ka nuna.