Lagireto

lagireto (suna, namiji; aro daga Turanci). Ma'ajin ruwa da ke gaban injin mota, wanda aikinsa shi ne ya zare zafin ruwan da ya zagaya injin, ya mayar masa da shi a huce. Siffarsa tankuna biyu ce da siraran bututu masu yawa a tsakaninsu, waɗanda fanka da iskar tafiya ke hurawa.

A tsofaffin manyan motoci, irin su Bedford da Mercedes 911, akan ƙera shi da tagulla, don haka idan ya yi yoyo makaniki kan like shi da dalma. Amma idan tsatsa da gishirin ruwan rijiya suka toshe bututun, har mota ta riƙa tafasa a kan kowane hawa da bazara, to, babu makawa sai a sake shi. Masu basira kan sa wanda ya fi yawan layukan bututu, su sabunta tiyo da famfon ruwa da fambel a lokaci guda, domin sabon lagireto ba ya amfanar injin da famfonsa ya gaji. Murfinsa ma ba abin rainawa ba ne, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Cire tamostat (na'urar daidaita zafin injin) da wasu ke yi kuskure ne bayyananne, kuma buɗe murfin yayin da injin ke da zafi haɗari ne babba.

Misali: *Lagireton motar ya fashe kafin mu isa Zariya.*